Akwatin Tambayoyinku: Karatun waje bayan furfura ta fara leƙowa

Jama'a barkanmu da wannan makon. Saƙonnin da suka taru min kan karatun ƙasar waje yawancinsu ba na samari 'yan ashirin da 'yan kai ba ne, na magidanta ne da matan aure da ma'aikatan gwamnati, wasu suna can suna fama wasu kuma suna haɗa takardu, kuma kusan duk Birtaniya suke tambaya. Na zaɓo biyar. Sunayen duk na sakaya su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Malam. Shekarata 44, mataimakin darakta ne ni a wata ma'aikatar jiha, na ɗau hutun karatu na zo yin mastas a wata jami'a a arewacin Ingila cikin watan Satumba. Wallahi abin ya fara isata. 'Yan ajinmu duk sa'annin ɗana na fari ne, in aka haɗa mu aikin rukuni sai su buɗe guruf a WhatsApp su raba komai su gama kafin ma in gane inda aka dosa. Malamar da ke ɗaukarmu ba ta kai ni shekaru ba kuma wai in dinga kiran sunanta gatsau. Asaimen ɗin farko na zazzage duk abin da na sani aka ba ni 54, ni da ban taɓa cin ƙasa da B ba a gida. Anya ban tsufa da wannan harkar ba kuwa? Daga Baban Khalifa.

Amsa: Wa alaikumus salam Yallaɓai. Bari mu fara da 54 ɗin nan tunda na ga ita ta fi cin ranka. A yawancin jami'o'in can, a matakin mastas 50 ita ce cin jarrabawa, 60 zuwa 69 ka yi kyau, 70 zuwa sama shi ne ƙololuwa, kuma ba kasafai malami ke ba da 80 ba ko da kuwa ɗan gidansu ne. To ka ga ba faɗuwa ka yi ba, kuma mutumin da ya yi shekara goma sha ba ya rubuta komai sai memo da minit ɗin taro, a ce rubutunsa na farko ya ci 54 ai ba abin ɓoye fuska ba ne.

Ko ban ga takardar ba ina iya cankar abin da malamar ta rubuta a ƙasa: ka ba da labari da yawa amma ba ka yi muhawara ba. Nan ne kusan dukkanmu 'yan gida muke tuntuɓe. Mu an horar da mu ka haddace abin da malam ya ce ka mayar masa da abinsa cif, wanda ya fi cika shafi ya fi samun maki. Su kuma can abin da suke nema shi ne ka ce wane ya faɗi kaza a bincikensa, wance ta saɓa masa saboda kaza, ni kuma na fi karkata ga wance domin shi wane a ƙasashen Turai kawai ya tattara bayanansa, abin da ya gano ba lallai ya yi aiki a inda albashi ke makara wata uku ba. Kowane sakin layi magana ɗaya, hujjarta, sai naka hukuncin. Idan sakin layi ya ƙare ba a ji ra'ayinka a ciki ba to a wurinsu ba ka ce komai ba tukuna, ko da Turancin ya kai na BBC.

Abin yi kuma ba wahala. Kowane malami yana da awannin da yake zama a ofis musamman don ɗalibai, ka tura mata imel ka nemi minti goma sha biyar, ka je da takardar a hannu ka ce ta nuna maka sakin layi ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da bai yi ba. Ba roƙon maki ka je ba, kada ma ka taɓo zancen, can ba a yin wannan. Sannan a laburare akwai mutanen da aikinsu kenan koyar da rubutun jami'a, kyauta, kuɗin makarantarka ne ke biyansu, amma za ka ga 'yan Chana sun cika layi namu kuwa babu ko ɗaya saboda wai kunya. Ka sauke Zotero a kwamfutarka ya dinga jera maka madogara, yini ɗaya ya ishe ka koya, ka daina bugawa da hannu har ƙarfe biyun dare. Kuma don Allah kada wani ya ce ka kawo ya rubuta maka ko ka kwafo daga intanet ka sauya kalmomi biyu, ana zuba aikin a Turnitin, manhajar da ke gano kwafe, in aka kira ka gaban kwamiti ka kasa bayanin abin da ke ɗauke da sunanka, da furfurarka, wannan ita ce kunyar ta gaske.

Sai maganar da ba ka faɗa ba amma na ji ta a cikin saƙon. Ba shekarun ne ke damunka ba Yallaɓai, girman ne. A gida kana shiga ofis masinja ya karɓi jaka, direba na jira, kowa ranka ya daɗe, a can kuwa kai ne mai tsayuwa a tashar bas cikin ruwan sama, kai ne mai wanke kwanonka a kicin ɗin da kuke rabawa da yarinya 'yar Indiya mai shekara 22 da za ta iya manna maka takarda a jikin firij cewa ka bar tukunya a sink. Wannan yana da ciwo, kuma duk wanda ya ce maka bai ji ba ƙarya yake. Amma su yaran nan ba raina ka suka yi ba, ba su ma san akwai wani girma da ya kamata su ba ka ba. Saurinsu a waya da kwamfuta ne, amma in aka zo zancen yadda ake kasafin kuɗi a ma'aikata, ko dalilin da ya sa aiki ke da kyau a takarda ya mutu a fili, su a littafi suka karanta kai kuwa ka zauna a ɗakin da aka yi abin. Ka buɗe baki a semina ka kawo misali ɗaya daga aikinka, gajere, ba laccar minti ashirin ba irin ta manya, za ka ga yadda za su fara nemanka. A guruf ɗin kuma ka riga su cewa ni zan ɗauki sashe kaza, ranar kaza zan turo, shikenan.

Sunan malama kuwa, a imel ka fara da Dokta da sunan mahaifinta, in ta amsa ta sa sunanta na yanka kaɗai a ƙasa to ta ba ka izini kenan. Ni dai har na gama bakina bai saba ba, Dokta na ci gaba da cewa, ba wanda ya kama ni da laifi.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni malamar sakandare ce, shekarata 38, yarana uku ƙaramin yana da shekara huɗu. Na samu gurbin mastas na shekara ɗaya a Birtaniya, maigidana ya amince amma da sharaɗin mu tafi gaba ɗaya. Wani ejan ya ce zai iya haɗa mana takardun duka in mun biya shi. Ya kake gani? Daga Maman Afnan.

Amsa: Lafiya lau Malama, Allah ya sanya alheri. Kafin ki ba ejan ɗin nan ko sisi ki tambaye shi ta wace ƙofa zai shigar da su, domin tun watan Janairun 2024 aka rufe ƙofar da kowa ya sani. Mai mastas irin na shiga aji da rubuta asaimen ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya a kan bizar ɗalibi. Waɗanda aka bar wa dama su ne masu digirin bincike, wato PhD da mastas na bincike zalla, sai wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa a kwas ɗin da ya wuce wata shida. In kina ganin kin faɗa cikin ɗayan biyun nan, ofishin biza na jami'ar za ki rubuta wa su ba ki amsa a rubuce, ba ejan ba. In kuma ya ce ai kina isa sai ki juya zuwa bizar aikin kula da tsofaffi ki jawo su, wannan ma tsohon zance ne: ɗalibi ba ya juyawa zuwa bizar aiki sai ya kammala kwas, kuma tun Maris 2024 sababbin masu wancan aikin su ma an hana su kawo iyali.

Ko da ma ƙofar a buɗe take ki yi lissafi. Kuɗin lafiya kaɗai da ake biya tare da biza fam 776 ne a shekara kan kowane mutum, ku biyar kenan, ban da kuɗin bizar, ban da gwajin tarin fuka da za ku je Abuja ko Legas ku yi, ban da kuɗin da dole ya kwana 28 a asusu ba a taɓa ba, ban da gidan haya mai ɗakuna da zai ɗauke ku, wanda masu gida ba sa son ba wa wanda ba shi da mai tsaya masa a ƙasar.

Abin da ya rage shi ne ku zauna da maigida ku yi maganar gaskiya kan wata goma sha biyu. Mata da yawa sun yi, kuma waɗanda abin ya zo wa da sauƙi su ne waɗanda suka tsara wa zai riƙe yaran tun kafin a sayi tikiti, aka faɗa a gaban manya, ba a bar shi a ai za a san yadda za a yi ba. In Hajiyarki ce za ta riƙe ko ƙanwarki za ta dawo gidan, a yanke, a kuma yanke wa ke kai su makaranta da asibiti. Wani abin sauƙi shi ne agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, da sanyi kuma awa ɗaya kacal muka riga su, don haka za ki iya yi wa yara aikin gida ta bidiyo bayan magariba kullum. Surutun dangi cewa ta bar 'ya'ya ta tafi Turai kuwa za a yi, ko kin je ko kin fasa akwai abin da za a ce. Shi maigidan shi ne zai tare miki wannan, in ya tsaya da ƙafarsa magana ta mutu. In kuma kin ga da gaske ba zai iya ba, ki nemi jami'ar ta ɗaga miki gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda, ki yi amfani da shekarar ki nemi na bincike.

Tambaya: Malam ni matsalata 'yan uwa. Tunda na sauka kowa gani yake na faɗa rijiyar kuɗi, wannan kuɗin makaranta wancan biki wancan magani. Ga ragowar kuɗin makarantata ban gama biya ba. Wani abokina ya ce in ƙara awanni a wani wurin da ake biya a hannu ba wanda zai sani. Daga Abu Hanifa.

Amsa: Ƙanina kada ka soma. Bizarka awa 20 ta ba ka a mako lokacin da ake karatu, kuma makon daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi, ba a cewa na yi 10 wancan makon bari in yi 30 a wannan. Sana'ar kai ma an hana, har da kai abinci a keke da manhajojin nan da kake gani wasu na yi da asusun wani. Kuma ka kula, 'yan mastas da yawa suna ɗauka bazara hutu ne, alhali a jami'o'i da dama watannin rubuta kundin nan cikin zangon karatu suke, ka tambayi makarantarku ranakun a rubuce. Mai biyanka a hannu ranar da aka zo bincike tara zai biya, kai kuwa bizarka ce za ta tafi da duk abin da ka kashe.

Yanzu lissafin da za ka tura wa 'yan uwa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa, sau 20 ya kama fam 244 a mako, wajen dubu ɗaya da 'yan kai a wata. Su da sun ji dubu sai su buga da canjin naira su ga miliyoyi, ba su san ɗaki ɗaya a gidan haɗaka zai iya lashe rabi ba kafin a zo abinci da bas da waya. Ka rubuta musu shi dalla dalla ka tura wa babban yayanku ko wanda ake jin maganarsa, ka ce daga nan zuwa in gama abin da zan iya shi ne kaza duk wata na Inna, sauran a yi haƙuri. Za a yi fushi na wata biyu a huce.

Ragowar kuɗin makaranta shi ne gaba da komai. Ka tuna abin da ya faru a jami'ar Teesside da ke Middlesbrough a 2024, bayan darajar naira ta rushe har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a cikin shekarar: ɗalibai 'yan Najeriya da suka kasa cika kuɗi a kan lokaci aka rufe musu shiga karatu aka kai sunayensu hukumar shige da fice, wasu har takardar barin ƙasa ta iso musu, sai da aka yi zanga-zanga gwamnatin Najeriya ta sa baki. In ka hango ba za ka iya cika wa'adi ba ka je ofishin kuɗi tun kafin ranar, ka nemi a tsara maka biya kaɗan kaɗan, a rubuce. Mu manya mun iya ɓoye talauci, a can kuwa shirun ne ke jawo wasiƙa.

Abu biyu da za su rage maka: ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma na gida, ka karɓi takardar shaida a makaranta ka tura musu. Katin rangwamen jirgin ƙasa da aka rubuta wa 16-25 kuma kai ma kana da haƙƙinsa ko shekarunka hamsin muddin kana karatu na cikakken lokaci, yana cire kashi ɗaya cikin uku.

Tambaya: Malam ina Glasgow, PhD nake yi shekarata 41, iyalina suna gida sai baɗi za su zo. Tun da Nuwamba ta shigo ba na jin daɗin komai, barci kawai nake son yi, wani lokacin in kwana biyu ban yi magana da kowa ba, salloli ma suna haɗe min. Kunya nake ji in faɗa wa wani, kar a ce babba da ni. Daga Abban Sadiq.

Amsa: Malam ka kyauta da ka faɗa. Abin da kake ji sananne ne, likitocinsu sun san shi sarai, duhun hunturu yana taɓa mutum har su 'yan ƙasar balle wanda ya taso a rana. A Glasgow cikin Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, huɗu saura kwata ta faɗi, kuma tsakanin ma gajimare ne. Mai PhD ya fi kowa shiga haɗari don ba aji yake shiga ba, in bai fito ba ba mai cigiyarsa sai ranar ganin sufabaiza.

Gobe in Allah ya kai mu ka kira asibitin unguwa da ka yi rajista, in ba ka yi ba ka yi yau, ka riga ka biya kuɗin tare da biza. Ka faɗa wa likita yadda ka faɗa min, ba ragi. Hukumar lafiyarsu ma tana ba kowa shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum lokacin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara, ana sayarwa a kowane kemis da arha. Jami'arku tana da masu sauraron matsalar ɗalibai a sirrance, ba ya shiga fayil ɗin karatunka. In dare ya yi maka nauyi ƙwarai akwai Samaritans, ƙungiyar masu sauraron mai damuwa ta waya, a 116 123, kyauta kowane lokaci, in kuma ka fara tunanin cutar da kanka to lambar gaggawa 999 kai tsaye, ba jira.

Sallah kuwa dole ta rikice maka, Azahar sha biyu da 'yan mintuna, La'asar kafin ƙarfe biyu, Magariba kafin huɗu, uku a cikin awa huɗu. Ka mayar da ita abin da zai fitar da kai daga ɗaki: ka tafi ofishinku na difatmen da safe ko ba ka da abin yi, ka yi sallolin nan uku a ɗakin sallar makaranta cikin mutane, tsakanin Azahar da La'asar ka taka a waje ka sha ɗan hasken da ake da shi. Juma'a ka gangara babban masallacin da ke Gorbals, ka tsaya bayan an idar, da wuya ka rasa jin Hausa a bakin ƙofa. Kuma ka dafa abincin gida, kada ka rayu a kan burodi da shayi kamar gwauron tasha. Garin semolina ko na shinkafa yana tuwo lafiya lau, shagunan 'yan Pakistan akwai naman halal da kuɓewa ɗanya, ka tuƙa da yawa ranar Asabar ka kira mutum biyu. Ka sake rubuto min bayan sati biyu in ji yadda ake ciki, da gaske nake.

Tambaya: Malam wata mai zuwa zan tashi, shekarata 47, uwargida ta haɗa min kilishi da dambun nama da man shanu da kuka da daddawa. Duk za su wuce? Daga Alhaji na Tudun Wada.

Amsa: Alhaji a gaida uwargida da ƙoƙari, amma kilishi da dambu da man shanu a cinye su a gida kafin ranar, a kira yara su taya ka. Doka ta hana matafiyi shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, busasshe ne ko soyayye, in aka gani a filin jirgi kwandon shara za su, wani lokacin har da tara. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa mutane suna wucewa da su, a daka a ɗaure a leda mai kauri biyu a rubuta sunan kowanne da Turanci a jiki, daddawar kuma a ƙara mata roba mai murfi in ba so kake duk kayanka su yi wata guda suna ƙamshinta a cikin aji ba. Rigar sanyi kada ka saya a gida, ta Kantin Kwari ba za ta riƙe iskar can ba, ka shiga da suwaita ɗaya mai kauri, kana sauka ka nemi shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da ke kowane babban titi, nan za ka samu jaket mai kyau da kuɗi kaɗan. Maganin hawan jini ko na suga in kana sha ka taho da na wata biyu ko uku a kwalinsa tare da takardar likita, don rajista da ganin likitan farko suna ɗaukar lokaci.